Wa Ya Raɗa, Wa Ya Laƙaba, Wa Ya Naɗa: Kalmomin Turanci na Suna da Muƙami

 

An ce in yi magana a kan kalmomin da Bature yake ɗauka in zai sa wa abu suna, ko ya laƙaba masa wani, ko ya ɗora mutum a kan muƙami. Na san akwai mai cewa a ransa wannan ai aikin ƙamus ne, me ya kai shi zauren lacca? To ƙamus zai jero maka "name" da "call" da "label" da "dub" da "designate" da "nominate" da "appoint" a wuri guda, ka ɗauka duk tafiyarsu ɗaya. Ba ɗaya ba ce. Kowacce a cikinsu tana gaya maka wanda iko yake hannunsa, da matakin da magana ta kai, wani lokacin har da ra'ayin mai maganar a kan wanda ake magana a kansa. Mai fassarar da ya tattara su duka ya ce "an naɗa" ko "ana kira", ya zubar da rabin labarin kafin ya isa kunnen mai sauraro.

Dalilin yawansu tarihi ne. A shekarar 1066 Sarki William na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara ɗari uku, Latin kuma yana hannun malaman coci da masu rubuta dokoki. Talaka ya ci gaba da "name" ɗinsa da ya gada kaka da kakanni, da "call" wadda ta samo asali daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a ƙasar. Fada ta kawo "appoint" daga Faransanci. Malamai suka kawo "nominate" da "designate" da "elect" daga Latin. Har gobe wannan rabon yana nan: gajerun kalmomin na gida ne da kasuwa, dogayen na ofis ne da takarda. Mu ma mun san irin wannan, don "suna" tamu ce ta gida, amma "laƙabi" da "alkunya" da "muƙami" daga Larabci suka shigo mana ta hannun malamai.

Mu fara da "name" da "call". Dukansu biyu suna ɗaukar mutum da sunan a jere, ba a sa komai a tsakani. Bature zai ce "They named him Musa", ya ce "We call her Hajiya". Yaranmu suna yawan cusa "as" a tsakiya, su rubuta "We call her as Hajiya", wannan kuwa kuskure ne. Bambancin kalmomin biyu shi ne, "name" raɗin suna ne, sau ɗaya ake yi, "call" kuma abin da bakin mutane ya saba da shi ne kullum. Yaron da aka raɗa wa Muhammadu ranar suna, gida kuma ana ce masa Ɗanjuma, na farkon "named" ne, na biyun "called".

Sai "named after", wato an yi wa wani takwara. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 sunan Sardauna ta ci, Jami'ar Bayero kuma sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Baturen Ingila zai ce "named after", Ba'amurke sau da yawa ya ce "named for". A nan akwai rami. Ɗalibi yana so ya ce an raɗa wa jariri suna bayan kwana bakwai, sai ya rubuta "The baby was named after seven days". Nahawu bai karye ba, amma kunnen Bature zai fara jin kamar an sa wa yaron suna Kwana Bakwai ne. In ya ce "on the seventh day" ya huta. Haka nan "christen", wadda 'yan jaridarmu ke son yi wa rubutu ado da ita. Asalinta shigar da jariri addinin Kirista ne ta hanyar baftisma. Bature yana amfani da ita ga jirgin ruwa ko sabon gini, amma a ce an yi wa ɗan Malam Garba "christen" ranar suna, wannan kwaɓa ce. Game da "My names are" da ake ji a kowane taro a ƙasar nan, ba zan ɓata muku lokaci ba: Bature "My name is" yake cewa, ko da sunan ya kai biyar.

Akwai kalmomi biyu da suke yi wa mutanen kirki illa ba su sani ba. In Bature ya ce "He called me names", ba kiran suna yake nufi ba, zagi yake nufi. Sai "so-called". Mu nan muna ɗauka ma'anarta "wanda ake kira", sai ka ga mutum ya rubuta takardar girmamawa ya ce "our so-called leaders" alhali yabo yake nufi. A Turancin yau da kullum wannan kalma raini ce, kamar ka ce "wai su shugabanni". 'Yar'uwarta "self-styled" ta fi ta ɗaci, don tana nufin shi ya ba kansa laƙabin, ba wanda ya ba shi.

Wani abu da yake burge ni, kuma na san zai burge Bahaushe, shi ne al'adar majalisar dokokin Birtaniya. A zauren majalisar ba a kiran ɗan majalisa da sunansa na yanka, sai dai a ce mai girma wakilin mazaɓa kaza. Ranar da wani ya yi taurin kai ya ƙi bin doka, sai Kakakin majalisa ya ambaci sunansa ƙarara. Wannan shi ake ce wa "naming a member", kuma abin da ke biyo baya shi ne a kaɗa ƙuri'ar dakatar da shi, kwana biyar na zama in laifin farko ne. Wato kama sunan shi ne hukuncin. Mu da uwa ba ta kama sunan ɗan fari, matar kirki ta da ba ta kama sunan miji, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma mai fassarar da ya ga kanun labarin ya ce "Kakakin majalisa ya naɗa wani ɗan majalisa", ya mai da kora ta zama naɗi.

Yanzu mu shiga laƙabi, inda ra'ayi yake ɓuya. "Label" asalinta ɗan ƙyalle ne da ake maƙala wa abu, yau kuma ita ce takardar da ke jikin kwalbar magani mai ɗauke da lambar NAFDAC. In aka ɗora ta a kan mutum, "He was labelled a traitor", tana nuna cewa marubucin bai sa hannu a kan hukuncin ba, wasu ne suka manna masa. "Brand" ta fi zafi, don asalinta wuta ne, ƙarfen nan da ake gasawa a ɗosa wa dabba don a yi mata shaidar da ba ta gogewa. Shi ya sa ba a cewa an yi wa mutum "brand" da gwarzo ko mai gaskiya. Da maƙaryaci ko ɓarawo ake yi. "Dub" kuwa daga fada ta fito, lokacin da sarki yake taɓa kafaɗar mutum da takobi ya ba shi sarautar jarumta. Yau 'yan jarida sun karɓe ta, tana nufin laƙabin da ya bi bakin jama'a. A 1976 wata jaridar sojojin Tarayyar Sobiyet ta yi wa Margaret Thatcher laƙabin "Iron Lady" da nufin suka, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu ta mai da shi kirari. Ba ita ta fara ba. Sunan "Tory" da ake kiran jam'iyyarta da shi, asalinsa zagi ne daga harshen mutanen Ayalan, ma'anarsa ɗan fashin da ake nema ruwa a jallo.

"Term" ta masana ce, ba ruwanta da so ko ƙi. "Tag" kuma ta samu gindin zama a Turancin Najeriya fiye da yadda ta samu a gidan Bature: kowane taro "tagged" kaza ne. Ba laifi ba ne, amma in takardar za ta fita waje, "titled" ko "called" sun fi zama lafiya.

Wadda nake so ku riƙe da kyau a wannan rukuni ita ce "designate". Tushenta kalmar Latin ce mai nufin alama, kuma ta hukuma ce. Duk sauran laƙabin baki ne, wannan kuwa doka ce ke bayanta. Ku dubi misali ɗaya da ya haɗa matakan uku. Ƙungiyar nan ta arewa maso gabas ta sa wa kanta suna Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Wannan "named itself" ke nan. Jama'a suka laƙaba mata Boko Haram, laƙabin ya bi ta har ya shiga jaridun duniya; wannan "dubbed" ne. A watan Nuwamban 2013 gwamnatin Amurka ta sa ta a jerin ƙungiyoyin ta'addanci na ƙetare. Wannan shi ne "designated", kuma daga ranar duk wanda ya tallafa mata a ƙarƙashin dokar Amurka ya aikata laifi, dukiyarta da ke can kuma a riƙe. Haka aka yi shekaru ana cewa "bandits", mu muna cewa 'yan bindiga ko ɓarayin daji, har wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin na ta'addanci a Nuwamban 2021, gwamnati ta buga a gazet a Janairun 2022. Kalmar "ayyana" da gidajen rediyonmu suka zaɓa wa wannan ta dace ƙwarai. Roƙona kawai kada a riƙa ba da aronta ga kowane ɗan siyasar da ya hau mumbari ya zagi abokin hamayya. Shi laƙabawa ya yi, bai ayyana komai ba.

To ga inda na fi so mu daɗe, wato naɗi. Ku buɗe jaridar Turanci ku ga kanu kamar "President names ministers". Me ya sa edita ya zaɓi "names"? Don gajera ce, tana shiga layi. Amma ba ta gaya maka komai ba game da matakin da aka kai. Ta yiwu sunaye kawai aka bayyana, ta yiwu an gama komai. Mu kuwa nan take sai mu ce "Shugaban ƙasa ya naɗa ministoci", dangi su fara ɗinkin anko.

Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya raba abin dalla-dalla. Shugaban ƙasa yana gabatar da suna, wannan shi ne "nominate". Majalisar dattawa ta tantance, ta amince, wannan "confirm". Sai bayan nan shugaban ƙasa ya naɗa, wato "appoint". Sannan a rantsar, "swear in", a kuma ba kowa ma'aikatarsa, "assign". Matakai biyar, kowanne da kalmarsa, kuma a kowanne mutum yana iya faɗuwa. A watan Agustan 2023 majalisar dattawa ta amince da mutum 45 cikin 48 da Shugaba Tinubu ya miƙa mata, ta dakatar da uku, cikinsu har da tsohon gwamnan Kaduna Malam Nasiru El-Rufai. A wannan zagayen ne kuma aka janye sunan wata 'yar Kano aka maye gurbinta da wata, bayan an riga an cika Facebook da taya murna. Dukansu "nominee" ne a lokacin, ba minista ba. Wanda ya gaya wa masu sauraronsa cewa an naɗa su, sai ya dawo yana neman yadda zai ce an sauke su, alhali ba su taɓa hawa ba.

Wannan tsari daga Amurka muka aro shi, inda tsarin mulkinsu ya ajiye "nominate" da "appoint" a jimla guda, ya sa shawara da yardar majalisar dattawa a tsakani. A watan Maris na 2016 Shugaba Obama ya gabatar da Merrick Garland don ya zama alƙalin kotun ƙoli. Majalisar ta ƙi ko zama ta saurare shi har wa'adinta ya ƙare. Ya zauna "nominee" wata da watanni, bai taɓa zama a kujerar ba.

A ɓangaren shari'a akwai ƙarin mataki. Kafin a naɗa Alƙalin Alƙalan Najeriya, majalisar ƙoli ta harkokin shari'a ce take "recommend", wato ta ba da shawarar wanda ya dace, shugaban ƙasa ya naɗa, majalisar dattawa ta tabbatar. Bahaushe bai kamata wannan ya ruɗe shi ba, don haka sarauta take. A Kano, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki, gwamna ya amince, daga baya a yi bikin ba da sanda. Wa zai ce ranar da masu zaɓe suka zauna ita ce ranar ba da sanda? Wannan hankalin da muke da shi a fada, shi nake so mu kai ɗakin labarai.

Sai "acting", riƙon ƙwarya. Ibrahim Magu ya shugabanci hukumar EFCC daga Nuwamban 2015 zuwa Yulin 2020, majalisar dattawa ta ƙi tabbatar da shi har sau biyu, a Disamban 2016 da Maris na 2017. Duk tsawon shekarun nan "acting chairman" ne, bai zama "substantive" ba, wato cikakken mai kujera. Kuma wannan 'yar kalma ta taɓa riƙe ƙasar nan a wuya. Lokacin da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yake jinya a Saudiyya, rigimar duk a kan ko Goodluck Jonathan mataimaki ne mai kula da ofis ko kuwa "Acting President" ne mai ikon sa hannu. Sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisar tarayya ta ba shi riƙon. Bai zama shugaba cikakke ba sai ranar 6 ga Mayu, kwana ɗaya bayan rasuwar 'Yar'aduwa. Mutum ɗaya, muƙami uku cikin wata uku, kuma kalmomi ne suka raba su.

Akwai wasu guda biyu da suke zuwa a bayan muƙami maimakon gabansa, al'adar da Turanci ya koya daga Faransanci. "President-elect" shi ne wanda aka zaɓa ba a rantsar ba, kamar yadda Tinubu ya kasance daga 1 ga Maris zuwa 29 ga Mayun 2023; mu muna cewa shugaba mai jiran gado, kuma fassarar ta zauna daram. "Ambassador-designate" shi ne jakadan da ƙasarsa ta naɗa amma bai miƙa takardunsa ga shugaban ƙasar da aka tura shi ba. Ku lura: "elect" ga wanda ƙuri'a ta kawo, "designate" ga wanda naɗi ya kawo. Ba a musanya su.

Wannan ya kawo ni ga bambancin da ya fi kowanne nauyi, tsakanin "elect" da "appoint". Na farko iko ne daga ƙasa ya hau sama, na biyu daga sama ya sauko. Matsalarmu ita ce "zaɓa" a Hausa tana ɗaukar "elect" da "select" da "choose" gaba ɗaya. In ka ce "an zaɓi wane shugaban ƙaramar hukuma", mai sauraro bai san ko jama'a ne suka yi layi ko gwamna ne ya zauna da mutum uku a falo ba. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu ne, amma gwamnoni suka shekara da shekaru suna ɗora kantomomi, har kotun ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa wannan ya saɓa wa doka. Kantoma naɗaɗɗe ne, ciyaman zaɓaɓɓe. Ni a ganina duk gidan rediyon da ya kira kantoma "shugaban ƙaramar hukuma" ya yi shiru, ya taya gwamna ɓoye abin da ya kamata talaka ya sani. Sannan ku yi hattara da kalmar nan "emerge" da 'yan siyasarmu suke ƙauna: "He emerged as the candidate", wai ya ɓullo. Daɗinta gare su shi ne ba ta da mai aikatawa. Ba ta ce wa ya zaɓe shi ba, ba ta ce wa ya ɗora shi ba. Duk inda kuka gan ta, ku tambaya.

Ga masu koyarwa, ƙa'idar ginin jimla kaɗan ce. Ana cewa "appointed chairman" ko "appointed as chairman", duka daidai, amma "appointed to the board" in kwamiti ko hukuma ce. Ana cewa "nominated for" wata kujera ko kyauta. In kujerar mutum ɗaya ce tak, ba a sa "the": "He was elected president". Kuma a aikin gwamnati "offer of appointment" tayi ne kawai; sai ka karɓa, ka yi shekara biyu na gwaji, sannan a ba ka "confirmation". Wani abin dariya a gefe: "disappoint" da muka sani da ba da kunya ko saɓa alkawari, asalin ma'anarta tuɓe mutum daga muƙami. Duk wanda ya taɓa jin sunansa a labaran ƙarfe bakwai cewa an sauke shi, ya san yadda ma'anar farko ta haifi ta biyu.

Ba kullum mu ne masu karɓa ba. Baturen Ingila yana da "crown" da "enthrone" da "install", don shi kambi ya sani da gadon sarauta. Da Turanci ya zo ƙasar Hausa ya tarar naɗi da rawani ake yi, kalmar "naɗa" ma kanta daga naɗa rawanin ta fito, sai Turancinmu ya mai da "turban" aikatau, aka samu "turbaned" da "turbaning ceremony". 'Yan'uwanmu na Gana sun yi irin wannan: a kudu inda sarki yake zama a kujerar gargajiya suna cewa "enstool", a arewa inda yake zama a buzu suna cewa "enskin". Waɗannan ba kuskure ba ne, kuma kada wani malami ya ja wa ɗalibi jan biro a kansu. Harshe ne ya zo baƙunta ya koyi al'adar masu gida. Abin da za a kiyaye kawai, kada a ce an yi wa kwamishina "turbaning", kada kuma a ce an yi wa Galadima "swearing-in".

Ina roƙon editocin da ke zauren nan abu ɗaya da ba ya cin kuɗi. Ku rubuta waɗannan matakai a takarda guda, Turanci a hagu Hausa a dama: gabatar da suna, tantancewa, amincewa, naɗawa, rantsarwa, riƙon ƙwarya, jiran gado. Ku manna a bangon ɗakin labarai inda mai fassarar dare zai gani. In sanarwa ta zo daga fadar gwamnati da kanu mai "names", kada a fassara kanun sai an karanta takardar har ƙasa an ga kalmar da mai sa hannu ya yi amfani da ita. Ku kuma ɗalibai, gobe in kun ji an ce an naɗa wani, ku tambayi mai ba ku labarin: an rantsar da shi, ko sunansa kawai aka aika majalisa?